ZUBA: MAI MASAUKIN DA BAƘI SUKA MANTA

A wannan mako filin namu zai yada zango ne a wani gari wanda kusan duk wanda ya taɓa zuwa Abuja daga Arewa a mota ya taka ƙasarsa, amma kaɗan ne suka san shi. Garin kuwa shi ne Zuba.

In ka tambayi mutumin Kano ko na Katsina ko na Sakkwato mene ne Zuba, amsarsa ba za ta wuce ya ce maka tasha ce ba, watau wurin da direba yake cewa kowa ya sauka ya nemi ƙaramar mota zuwa cikin birni. In ka tambayi mai tireda, sai ya ce kasuwar lemo da ayaba ce. In kuwa makaniki ne, sai ya ce can ake samun kayan gyaran mota. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai gaskiyar tasu a bakin titi ta tsaya. Bayan rumfunan nan da hayaƙin motocin nan akwai gari mai sarki da fada da harshensa na kansa, wanda ya girmi birnin Abuja na yanzu nesa ba kusa ba, ya kuma girmi tsohuwar Abuja wadda yau ake kira Suleja.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, shekara fiye da 200 ke nan garin nan yana saukar baƙi, tun daga sarkin da ya rasa gadon sarautarsa har zuwa leburan da yake neman ɗakin haya mai araha. Kowane baƙo ya ci moriyarsa ya yi gaba. Shi kuwa mai masaukin, ɗan abin da yawancinmu muka sani na tarihinsa a cikin labarin waɗansu muka tsince shi. Wannan bashi ne a wuyanmu, ya kamata a yi maganarsa.

Inda Garin Yake

Zuba tana kan iyakar Yankin Babban Birnin Tarayya da Jihar Neja, cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada. Matafiyin da ya taso daga Kaduna, in ya wuce Kateri da Jere da Tafa, ya bar mararrabar Dikko inda hanyar Minna ta rabu, sai ya hangi Dutsen Zuma ya tokare sama a gabansa. Da ya gota dutsen sai Madalla, wadda ita ce ƙarshen Jihar Neja. Daga Madalla kuwa gidaje ba su yankewa har a shiga Zuba, ta yadda baƙo ba zai iya nuna inda wannan ta ƙare waccan ta soma ba.

A Zuba hanya ta rabu uku. Ta arewa ita ce wadda muka biyo, kimanin kilomita 165 zuwa Kaduna, 375 zuwa Kano, kuma daga Zuba injiniyoyi suke fara awon babban titin nan. Ta gabas ta bi ta Dei-Dei da Kubwa ta shige tsakiyar birni, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka. Ta kudu kuwa ta ratsa Tungan Maje da Giri da Gwagwalada da Kwali da Abaji, ta gangara Lakwaja. Saboda haka babbar motar da ta ɗauko shanu ko albasa daga Arewa za ta Anaca, da wadda ta ɗauko katako ko manja daga Kudu za ta Kano, a nan suke giftawa da juna. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin labarin garin.

Ƙasar wurin ta manyan duwatsu ce masu tsayawa ɗai-ɗai a tsakiyar fili, ga ɗorawa da kaɗanya, ga ƙoramu. Damina takan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, watau ta fi ta ƙasar Kano tsawo da yawan ruwa. Don haka doya takan yi kyau ƙwarai, haka nan dawa da masara da gyaɗa da riɗi, ga shinkafa a fadamu. Kafin titi ya zo, noma da farauta su ne sana'ar mutanen wurin.

Shi kuwa Dutsen Zuma, wanda tsayinsa daga ƙasan da ke kewaye da shi ya kai wajen mita 300, kowa ya san kamanninsa, domin shi ne a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Labarin baka na mutanen Zuba ya ɗaure asalin garinsu da dutsen nan, har ana cewa sunayen biyu tushensu ɗaya. A zamanin yaƙe-yaƙe duwatsun yankin su ne mafakar jama'a. Amma layin da aka ja a taswira cikin 1976 ya bar dutsen a Jihar Neja, ya bar garin a ƙasar Abuja.

Mutanen asalin Zuba Koro ne, kuma suna danganta kansu da tsohuwar daular Kwararrafa. Sarautarsu ana kiranta Agora, tana kuwa cikin majalisar sarakunan Yankin Babban Birni, wadda Sarkin Abaji mai sarautar Ona yake shugabanta. Maƙwabtansu su ne Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa. Sunan Koro ya haɗa al'ummu da dama waɗanda harsunansu suka sha bamban, kuma masana harsuna suna lissafa na Zuba cikin dangin Nufanci da Gwaranci.

Sarkin Da Ya Zo Neman Mafaka

Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar Zazzau ta miƙa kudu ƙwarai, kuma Zuba tana cikin garuruwan da suke kai gaisuwa Zariya. Da aka ba Malam Musa tuta ya nufo Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ɗan Isiyaku Jatau ne a kan gado. Littafin tarihin Abuja ya ce a 1804 abin ya faru, waɗansu masana tarihi kuwa sun kai shi 1808. Littafin ya ce ranar Salla ce, sarki yana filin Idi a bayan gari, aka auka masa, bai sami komawa cikin birni ba. Sai ya yi kudu tare da waɗanda suka bi shi daga cikin sarakunansa da baradensa.

Ya isa Kauru aka rufe masa ƙofa. Ya isa Kajuru aka karɓe shi, amma masu binsa ba su bar shi ya zauna ba. Daga ƙarshe sai ga shi a Zuba, a nan ne ƙafarsa ta tsaya. Mayaƙan da suka biyo sawunsa sun yi ta kawo hari, ba su ci garin ba.

To, mai karatu ya tsaya ya auna abin da wannan yake nufi ga ƙaramin garin manoma. Sarkin da ya zo ba shi da birni, ba shi da rumbu, sai bakuna masu neman abinci da dawaki masu neman harawa, ga kuma abokan gaba a bayansa. Wanda ya buɗe masa ƙofa ya sayi yaƙin da ba nasa ba. Mutanen Kauru sun yi wannan lissafi suka ga ba za su iya ba. Mutanen Zuba kuwa suka ɗauki kayan. Doyarsu da dawarsu aka ci, a gonakinsu aka yi fagen fama. Da su ma sun rufe ƙofa, Allah kaɗai ya san ko da an sami wani gari mai suna Abuja a duniya.

Makau ya rasu a wajen yaƙi a Lapai cikin 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi. Shi ne a 1828 ya kafa sabon gari kimanin kilomita 10 arewa da Zuba, a shekarar da ta biyo baya ya soma gina ganuwarsa, garin kuma ya ɗauki sunansa. Daga nan zuriyar Haɓen Zazzau suka ci gaba da mulki da sarautunsu na gargajiya, ba a taɓa cin garinsu ba har zuwan Turawa. Shi ya sa har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce da shi.

Bayan Abu Ja aka yi Abu Kwaka daga 1851, sa'an nan Ibrahim Iyalai daga 1877. Laƙabin da aka yi wa Ibrahim, watau Dodon Gwari, ya isa ya nuna wa mai hankali yadda zaman ya kasance tsakanin sabuwar masarauta da mutanen da ta tarar a ƙasar. Shi ne sojan Ingila suka kashe lokacin da suka ci Abuja a 1902. A zamanin Turawa Zuba ta zauna ƙarƙashin En'en Abuja, kuma sa'ad da aka sami mulkin kai tana cikin Lardin Neja. Da aka yi jihohi 12 a 1967 lardin ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Watau mutumin Zuba na wancan lokaci, in yana da magana da gwamnansa, sai ya nufi Sakkwato.

Ga darasin farko ke nan. Zuba ta ba da mafaka, amma suna da gadon sarauta da ganuwa a garin maƙwabta suka tabbata.

Baƙo Na Biyu

Cikin watan Agusta na 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ce a tashi, ya kuma nuna tsakiyar ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya yi shelar haka, aka kafa Doka ta 6, kwana 10 kacal kafin a kashe shi. Aka yanko fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, mafi yawansa daga ƙasar Masarautar Abuja. Garin Abuja kansa aka bar shi a waje, ya ba da sunansa ga sabon birni, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. Zuba kuwa ta faɗa ciki.

Niyyar farko ita ce a kwashe duk mazaunan yankin a sake musu matsuguni a wajensa, domin birnin ya zama ba na kowa ba, kuma na kowa da kowa. An yi zaton mutanen 'yan kaɗan ne. Da aka shiga bincike sai aka tarar da garuruwa da ƙauyuka fiye da 800, kuɗin tashinsu kuwa ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. Saboda haka a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sake shawara, ta ce ba wanda za a tasa sai wanda aiki ya biyo ta kansa. Da haka mutanen Zuba da takwarorinsu suka zauna a inda suke.

Sun zauna, amma zaman ya sake kama. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ƙasar da ke Yankin Babban Birni mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Manomin da kakan kakansa ya sare daji ya yi gona, in aikin hukuma ya biyo ta kanta, diyyar shuka da itatuwa da gini yake samu, ƙasar kanta ba a lissafa ta a matsayin tasa. Bugu da ƙari ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ce take yi wa yankin doka, minista wanda Shugaban Ƙasa ya naɗa yake gudanar da shi. Abin da yankin duka yake da shi sanata 1 ne da wakilai 2, sai shugabannin ƙananan hukumomi 6 da kansilolinsu. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista, watau Zephaniah Jisalo, shekara 47 bayan kafa shi.

Bahaushen Kano da yake aiki a Abuja, in zamansa ya ƙare, yana da jihar da zai koma, ga filin gado yana jiransa. Ɗan Koron Zuba kuwa nan ne gidansa na farko, nan ne na ƙarshe. Wannan bambanci ne da ya kamata mu da muka zo daga baya mu riƙa tunawa da shi.

Zuba Ta Yau

Ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, gwamnati ta baro Ikko. Ƙidayar shekarar ta sami mutanen yankin ba su kai 400,000 ba. Kafin ƙidayar 2006 sun kai miliyan 1.4, Ƙaramar Hukumar Gwagwalada kaɗai tana da fiye da 157,000. Birnin da aka tsara bai tanadi wurin kwanan masinja da direba da birkila da mai gadi ba, alhali kuwa ba ya iya wuni ɗaya ba tare da su ba. Rusau da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, suka ƙara tunkuɗo jama'a zuwa garuruwan gefe. Wannan shi ne ayarin baƙi na uku, ya kuwa fi na farko da na biyu yawa.

Wanda yake son ya ga rayuwar garin, sai ya fito tun kafin kiran assalatu. A lokacin ne ma'aikata suke cika bakin titi suna rububin motar shiga birni, domin wanda ya makara cunkoson hanyar Kubwa zai cinye masa safiya. Masu shayi sun riga sun hura wuta, mata sun ɗora kaskon ƙosai, 'yan kamasho suna ta kiran Kaduna, Zariya, Kano, Minna, Lakwaja. Motocin da suka kwana a hanya suna sauke fasinja, yaro ya sauko da buhunsa a kai, yau ne farkon ganinsa da ƙasar Abuja, ba shi da kowa sai lambar wayar wani ɗan garinsu. Nan da mako guda za ka gan shi yana dako, ko ga-ruwa, ko yana tura baro, ko yana yaron shago. Ba a iya ƙirga yawan gidajen Arewa da tukunyarsu take tafasa da kuɗin da aka fara samu a wannan tasha.

A kasuwar kayan marmari kuma Nijeriya ce duka take haɗuwa. Lemo da mangwaro daga ƙasar Binuwai, agada da ayaba da abarba daga Kudu, kankana daga Arewa, kowanne da lokacinsa. Mai kaya ya sauke, dillali ya shiga tsakani ya ci la'adarsa, 'yan sari su ɗiba su rarraba zuwa Wuse da Garki da Kubwa da sauran kasuwanni. Lemon da ake ɗora wa babban baƙo a faranti a Maitama, sau da yawa a nan ya fara sauka. Sai dai kayan ba su jira. Motar da ba ta sami mai saye cikin kwana biyu ko uku ba, rana ce za ta saye ta, asarar kuwa har ta kai ga manomin da yake can ƙauye yana jiran kuɗinsa.

Can gefe kuma ga kasuwar kayan gyaran mota, inda 'yan kasuwar Ibo suka fi yawa, kowane shago da yaransa masu koyon ciniki. Makanikin Bayarabe ya zo ya saya, direban Bahaushe yana tsaye yana jira, mai gidan da shagon yake ciki watakila Koro ne ko Bagwari. Ran Juma'a masallatai su cika har kan titi, ran Lahadi majami'u su cika. Akwai Kwalejin Horon Malamai ta Yankin Babban Birni, wadda aka kafa cikin shekarun 1990, ɗalibanta daga kowane sashe na ƙasa. Ga kuma asibitin gwamnati. Hausa ita ce harshen ciniki, da ita Tibi da Nufe da Ibo suke daidaita farashi.

Saboda haka ba za a ce Zuba ba ta amfana da baƙinta ba. Mai fili ya gina ɗakuna yana karɓar haya, mai doya ya sami kasuwa a ƙofar gida, yaro ya sami makaranta kusa. Amma a duba abin da aka biya. Gonakin da ke kewaye da gari sun zama fulotai, da yawansu kuwa an yi cinikinsu da takardar da hukuma ba ta san da ita ba, ta yadda mai saye da mai sayarwa duk a tsorace suke kwana. An yi gine-gine ba a bar wa ruwa hanya ba. Gidaje da yawa da burtsatse da kurar 'yan ga-ruwa suka dogara. Ɓawon kayan marmari da ruɓaɓɓensu sukan taru su fi ƙarfin masu kwasa. Manyan motoci da tankokin mai sukan jeru a kafaɗar titi, kusa da masu suya da masu shayi. Wanda ya tuna abin da ya faru a mararrabar Dikko cikin Janairun 2025, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta mutane fiye da 80 suka hallaka, ya san wannan ba abin wasa ba ne, tsakanin Dikko da Zuba kuwa tafiyar 'yan mintoci ce.

Akwai kuma wata asara wadda ba ta yin ƙara. Yaron da aka haifa a gidan Koro yau, da Hausa yake wasa a waje, da Turanci yake karatu a aji. Harshen da yara ba su yin faɗa da wasa da shi, kwanansa ƙidayayye ne. Mu Hausawa mukan yi murna in muka ji harshenmu ya bazu, murnar kuwa tana da dalili. Amma ya kamata mu san cewa inuwar babbar itaciya takan hana na ƙarƙashinta tsiro. In harshen Zuba ya tafi, da shi za a binne sunayen duwatsu da ƙoramu, da kirarin sarakuna, da labarin zuwan Makau kamar yadda masu masaukinsa suka riƙe shi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, a rubuta tarihin garin daga bakin masu shi tun tsofaffi suna da rai. Abin da muka sani game da Makau da Abu Ja, albarkacin mutum biyu ne, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, 'ya'yan gidan sarautar Abuja, waɗanda suka zauna da dattawa suka rubuta da Hausa, har wani Bature mai suna Frank Heath ya juya aikin zuwa Turanci aka buga a 1952. Allah ya saka musu da alheri. Amma su labarin gidansu suka bayar, ta fuskar wanda ya sauka. Saura a ji ta fuskar wanda aka sauka a gidansa.

Wannan aiki ba ya bukatar miliyoyi, akwai ma ƙasar da ta gwada shi. A Filifin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙone ɗakunan ajiyar littattafai na birnin Manila, Shugaba Elpidio Quirino ya ba da umurni a watan Disamba na 1951 cewa malaman makarantun gwamnati su tattara tarihin kowane ƙauye da kowane gari. Malaman suka bi tsofaffi gida-gida suna rubuta asalin sunan gari, da jerin shugabanninsa, da al'adun aure da na mutuwa, da karin magana da ka-cici-ka-cici. Takardun nan suna ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar, kuma har yanzu mai neman labarin ƙaramin gari a Filifin yakan fara da su. To, ga kwalejin malamai a cikin Zuba kanta. Me zai hana a ɗora wa ɗalibanta na fannin tarihi da na harsuna irin wannan aiki, da izinin fada? Wayar da ke aljihun kowannensu ta isa ɗaukar murya. A tambayi dattawa jerin waɗanda suka yi Agora, da inda Makau ya yi sansani, da sunan kowace unguwa da dalilinsa, a rubuta da harshen Koro da Hausa da Turanci. In an gama da Zuba, sai a wuce Bwari da Kuje da Kwali da Karshi.

Na biyu, a yi wa tarihin wurin zama da ido zai gani. Ƙasar Barazil ma ta gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, ta buɗe shi a 1960, kuma yankin da ta yanka ya haɗiye wani tsohon gari mai suna Planaltina wanda aka kafa tun 1859. Jama'a sun kwararo masa kamar yadda suka kwararo wa Zuba, amma an kiyaye tsohuwar unguwarsa, an mai da wani tsohon gida gidan tarihi. Ɗaki ɗaya kusa da fadar Agora, da allo a mararraba mai bayanin abin da ya faru a nan, ba su fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ba. Makarantun firamare na yankin kuma su koya wa yara cewa tarihin Abuja bai fara daga 1976 ba.

Na uku, kasuwanni da tashoshin nan kullum ana karɓar kuɗin shiga a cikinsu, daga mai rumfa har mai baro. Adalci shi ne a ga alamar kuɗin a wurin da aka tara su. A keɓe wa manyan motoci da tankoki filin tsayawa nesa da wuta da gidaje. A gina ɗakin sanyi a kasuwar kayan marmari, ko da haɗin guiwar 'yan kasuwar ne. A haƙa magudanai, a kawo ruwan famfo. Hukumar Babban Birni kuma ta daidaita maganar filayen gado na 'yan asali, a ba su takardar da za su kwana da ita hankali kwance. Ƙofar gida ita baƙo yake fara gani, Zuba kuwa ita ce ƙofar Abuja ga duk wanda ya fito daga Arewa.

Na ƙarshe namu ne, mu baƙin. Shugabannin Hausawa na tasha da na kasuwa, da na sauran ƙabilu, su riƙa kai gaisuwa fada ba sai ranar da rigima ta tashi ba. In ana aikin gayya ko gyaran makaranta, a sa hannu. Wanda ya yi shekara 20 yana cin abinci a garin, bai kamata a ce bai iya ko gaisuwa da harshen masu shi ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A Zuba dai raɓar ta ƙi bushewa, har ta zama ruwan damina. Ruwa kuwa in an yi masa hanya albarka ne, in ba a yi ba shi yake cin gindin katanga.

Saboda haka, mai karatu, ran da Allah ya sake kawo ka Abuja, direba ya ce kowa ya sauka an iso Zuba, ka tuna a garin mutane ka sauka, garin da ya buɗe wa Sarkin Zazzau ƙofa ran da waɗansu suka rufe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon sanin hakkin maƙwabci da na mai masauki, amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.